Awon Ƙafar Barewa

A wani daji da ya miƙe daga gindin duwatsu har inda ƙasa ke komawa laka, wata macen kunkuru ta tsaya a bakin inuwar tsamiya tana haki, Barewa 'yar aiken majalisa kuwa ta tare mata hanya.

"Baiwar Allah, taron da na kira ku ai na bazara ne. Tun kafin ruwan farko aka tashe shi."

"Shi na fito," in ji macen kunkurun. "Ranar da kika kai mana saƙon, kafin ki ɓace wa idona na kama hanya."

"To wannan na damina ne."

"Ki bar ni in shiga na daminar."

Sunanta Kyauta, daga fadama take. Mijinta Barmo na can kwance, ɓauna ta taka shi a mashaya, ƙoƙon bayansa ya tsage. Barmo ke nan da ya taɓa ratsa fadama sukutum don ya kawo mata furen bado, ya iso da shi a bushe, ta karɓa tana dariya tana hawaye. Ta liƙe masa tsagar da laka da ganye, ta bar shi hannun maƙwabta. Da za ta tafi ya ce, "Ki bi a hankali, kada ki yi gudu." Shi ya fara dariya, ciwon ya tsayar da shi. Da wannan dariyar da ba ta ƙarasa ba ta yi ta tafiya.

Yankunan dajin uku ne suka haɗa kai suka kafa Rumfar Jinya. Na tudu suna ba da zuma, na kurmi sassaƙe, na fadama saiwoyi. Shamuwa kuma, baƙuwar da ke zuwa da damina, tana kawo ƙullin magani daga danginta na nesa, da sharaɗin rumfar ta zama guda ɗaya mai farin rufi, yadda za su hango ta daga sama su san inda alherinsu ya sauka. Da za a zaɓi wurin kafa ta, an so a yi adalci. Aka aiki Barewa ta auna nisan kowane yanki, ta je ta dawo kafin hantsi, ta ce ko'ina kusa ne. Ba ƙarya ta yi ba. Sai aka kafa rumfar a gefen tsamiyar da majalisa ke zama.

Kyauta ta rarrafa cikin inuwar tsamiyar. Giwa, uwar taro, tana tsaye a tsakiya. Gadu ne ke magana, wanda shi da Beguwa raminsu na gindin tsamiyar, ba su taɓa fashin taro ba, ba su kuma taɓa fashin zumar zama da ake raba wa mahalarta ba.

"Ranki ya daɗe, albishir nake tafe da shi," in ji Gadu. "Tun da aka kafa rumfar nan, ko mara lafiya ɗaya bai taɓa zuwa daga fadama ba. Kaf dajin nan babu masu ƙoshin lafiya irinsu. Tun da kuma ba sa zuwa taro, ina ganin a sauke musu nauyin kujerarsu, a mayar da rabon maganinsu inda ake bukata."

Shamuwa ta gyaɗa dogon baki. "Wannan labari zai faranta wa dangina rai."

Kyauta ta matso gaba. Ta ɗaga kai iya tsawonsa.

"Inna Giwa, a ba ni dama."

Giwa ta duba dama, ta duba hagu, sannan ta duba ƙasa. "Yi magana, 'yata."

"Ni ce lafiyar fadama da ake faɗa. Mijina na kwance da tsagaggen baya, ban san ko zan same shi ba. Marasa lafiyarmu suna fitowa, Inna. Wasu na gani a hanya sun juya, wasu kuma na wuce inda aka rufe su. Ni mai lafiya ma kun ga lokacin da na iso. Ba mu taɓa hana saiwa ba. Duk kaka Barewa tana zuwa ta kwasa, har ƙofar ɗakina ta sani. Idan karɓa ce, hanyar tana kaiwa gare mu. Ban zo faɗa ba, ba ni da sauran numfashinsa. Mai ɗori nake so ya ga Barmo."

Wurin ya yi tsit, har aka ji Beguwa tana haɗiye zumar bakinta.

Barewa ta sunkuyar da kai. "Wallahi, Yaya, ban taɓa tunanin haka ba. Ni dai na auna."

"Da ƙafarki kika auna, ƙanwata. Ita Allah ya ba ki."

Sai ga Malam Cindo, birin da ke ɗori a rumfar, ya diro daga reshe. "Ni kam a sake ni in tafi! Kullum targaɗen barewa da ƙaiƙayin Gadu, har yatsuna sun fara mantuwa."

"Ƙaiƙayi ma ciwo ne," in ji Gadu.

"Naka na ƙoshi ne, Malam," in ji Cindo.

Aka yi dariya, ban da Shamuwa. Ta gyara tsayuwa a ƙafa ɗaya.

"Ina tausaya wa baiwar Allahn nan, kuma da gaske nake. Amma ku dubi nawa matsayin. Dangina ba sa sauka, wucewa suke yi. Idan suka leƙo suka ga farin rufi babu kowa a ƙarƙashinsa, mai ɗori kuma yana yawo a cikin ciyawa inda ba a ganinsa, baɗi da baki wayam zan zo muku. Ni ma aiko ni aka yi."

Kyauta ta ɗaga kai ta dubi Shamuwa. Ta san ba da laka ake haɗa ƙoƙo ba, sai da abin da ke cikin ƙullin Shamuwa. Ta matsa kusa da siraran ƙafafun nan, ta yi magana a hankali.

"Baƙuwarmu, rufin suke son gani, ko fari?"

Shamuwa ta karkata kai. "Gaskiya daga can sama, fari kawai ake gani."

Giwa ta daɗe tana kallon macen kunkurun. Tun da aka ɗora ta a kan majalisar nan, ba ta taɓa yin nisa da tsamiyar ba, don an ce uwar taro ba ta barin wurin taro. Ta miƙa haurenta cikin ramin farar ƙasar da ake shafa wa rufin, ta kwaso da hanci, ta watsa a gadon bayanta, ta sake, har ta koma kamar tudun gishiri mai kunnuwa.

"Tashi sama ki duba."

Shamuwa ta tashi, ta yi kewaye, ta sauko tana kaɗa fiffike. "Ya fi rufin fitowa. Har motsi yake yi."

Barewa ba ta jira an aike ta ba. "Bari in je in gaya wa Barmo ya daure, kina tafe." Ta yi tsalle ta ɓace.

Giwa ta naɗo Kyauta da hanci ta aza ta a bayanta, kusa da Cindo da ƙullin magani. Daga can Kyauta ta hango abin da ba ta taɓa gani ba, fadama tana ƙyalli a ƙarshen itatuwa, sai ta kasa riƙe hawayenta.

Giwa ta ɗaga murya yadda dajin zai ji.

"Daga yau rumfa za ta riƙa bin yankuna, majalisa kuma za ta zauna inda rumfa ta tsaya, a can za a raba zumar zama. Kujerar fadama tana nan. Taro na gaba gobe da hantsi, a ƙofar ɗakin Barmo. Gadu, Beguwa, ku same mu can, kowa da ƙafarsa. An tabbatar mana wurin kusa ne."