Rasuwar Tulun Rana, Batirin Ɗakin Gwaji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni malamin kimiyya, a madadin ɗaliban ajin ƙarshe, nake sanar da rasuwar batirinmu, wanda yara ke kira Tulun Rana.

Marigayi mai riƙon amana ne. Abin da farantin sola ya ba shi ajiya da hantsi, shi yake mayarwa da la'asar. Bai taɓa ɗaga murya ba, sai ɗan ƙul-ƙul idan ya ƙoshi. Kafin zuwansa na sha zana ajiyar wuta a allo, yara na kallona kamar mai tatsuniya. Ranar da na cire wayar farantin a gabansu, fitila ta ci gaba da ci, har masu barcin bencin baya suka miƙe.

Ciwon ajali ya same shi a dogon hutu. Baba maigadi, mutumin kirki wallahi, ya ga rana na gasa farantin a kan rufi, tausayi ya kama shi. Ya hau tsani da tsufansa, ya lulluɓe shi da tabarma, ya danne da duwatsu, wai kada rana ta cinye kayan makaranta. Fitilar baranda kuwa kullum tana zuƙa. Yunwa ce ta kashe marigayi. Mai gyara ya yi iya yinsa, ya girgiza kai. Na buɗe baki zan yi faɗa, na ga Baba tsaye yana jiran godiya, sai na haɗiye.

Ya bar faranti, da fanka, da fitila, da ɗalibai masu jarrabawar aikin hannu mako mai zuwa, waɗanda duk aikinsu a kansa suka gina. Shugaban makaranta ya ce a yi haƙuri sai baɗi. To baɗi ina yaran? Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba.

Za a ɗauki marigayi a baro gobe bayan tashi, zuwa wurin masu narka tsofaffin batura. Kada yaro ya taɓa ruwan cikinsa, yana ƙuna. Zaman makoki a ɗakin gwaji ne. Mai zuwa ta'aziyya, in yana da tsohon batir, ko na babur ne, ya riƙo mana aro. Mai zuwa hannu rabbana kuma ya taya mu roƙon Allah kada hadari ya haɗu ranar jarrabawa.