Sabon Shafin Gidan Rediyonmu da Kan Malamin Lissafi

Jiya da hantsi na yi wa wani bawan Allah askin da ban taɓa yin irinsa ba tun da na fara riƙe inji. Kuma tun kafin ku ji a bakin mutane, ina so ku sani ba laifina ba ne, laifin ci gaba ne.

Ni mai aski ne. Shagona kujera ɗaya ce mai juyawa, da benci, da 'yar lasifika da nake haɗawa da waya mu saurari gidan rediyon gwamnati ta shafinsu na intanet, don akwatin rediyo ba ya kamawa a lungunmu. Tsohon shafin mummuna ne, ban musa ba. Amma jan maballi ɗaya ne a tsakiya, ka danna, magana ta fito. Ko surukata ta iya.

To malamin lissafi ne a kan kujera. Shekara uku yana neman aikin koyarwa na gwamnati, kuma an ce a ranar gidan rediyon zai sa sunayen waɗanda za a yi wa intabiyu a shafinsa. Ya ce, "Maigida, buɗe mana mu gani, wallahi gabana sai faɗuwa yake." Inji a hannun dama, waya a hagu, na buɗe. Sai ganguna da tafi suka fashe daga lasifika, wata murya na ihun barka da shigowa sabon zamani. Na zabura. Injin ya shimfiɗa titi tun daga goshin malam har ƙeya.

Ya dubi madubi, ni ma na duba. Tela maƙwabcina ya leƙo ya ce, "Kai, wannan titin ya fi na unguwarmu kyau, ko rami babu!" Ya zube a kan benci yana riƙe ciki.

Ashe shafin aka sabunta. Kana buɗewa sai ga Mai Girma Babban Daraktan Gyara Abin da Bai Ɓaci Ba yana murmushi. Ka ja sama, ga shi yana yanke ƙyalle. Ka ƙara ja, ga shi yana karɓar kofin yabo daga hannun mataimakinsa. Allah ya ƙara masa lafiya, yana kyau a hoto. Jan maballin nan kuwa, babu shi babu alamarsa. An ce sai da tawaga ta zaga ƙasashe uku kafin ta koyo wannan aiki, kuma na yarda, don ɓoye maballi irin wannan ba a gida ake koyonsa ba.

Kafin ka ce me, shago ya cika, kowa da wayarsa. Mai gyaran waya, wanda muke kira Injiniya, ya ce mu matsa masa. Ya rubuta "sunayen malamai" a wurin bincike, aka ba shi jawabin Darakta a kan muhimmancin malamai. Ya sake gwadawa, aka ce sai ya yi rajista da kalmar sirri mai babban harafi da ƙarami da lamba da alama.

Tela ya ce, "Ni ƙofar ɗakina ma sakata ɗaya ce."

Malam dai bai yi dariya ba. Gumi na bin titin nan yana sauka a hancinsa.

Inna mai kanti ce ta cece mu, ita ma ba da niyya ba. Wasan kwaikwayon da take bi take nema, ta danna wani hoton balan-balan da aka rubuta Nishaɗi a ƙarƙashinsa. Ta miƙo wayar ta ce, "Ɗan nan, duba min, 'yan wasan ne suka yi yawa haka?" Jama'a, jerin sunayen ne! A sashen nishaɗi! Sunan malam na ciki, kuma intabiyun ƙarfe sha biyu na ranar ne. Agogon bango ya nuna sha ɗaya da kwata.

Shago ya kaure da ihu. Inna na guɗa, Injiniya na rungumar tela, ni ina bin malam da inji ina cewa ya tsaya in share sauran. Ya ce, "Bar shi, babu lokaci!" Tela ya cire hularsa ya kifa masa, wani direban tasi da ke jiran layin aski ya ja shi suka fice, zanen askina na rataye a wuyansa.

Da la'asar ya dawo baki har kunne. Cikin mutum ɗari biyu da aka kira, bakwai kaɗai suka je, sauran suna can suna kallon hoton Darakta. Shugaban masu tantancewa ma tambayarsa ta farko ita ce, "Malam, don Allah a ina ka ga sunayen?" An ɗauke su duka bakwai ɗin.

Duk da haka muka ce sai mun kai kuka saboda sauran. Muka nemi wurin rubuta ra'ayi, an cire shi. An sa fuskoki uku a madadinsa: mai murmushi, mai babban murmushi, da mai ƙyaƙyata dariya. Muka haɗu muka danna mai ƙaramin murmushin da iyakar fushinmu. Yau da safe, bayan Injiniya ya gano maballin saurare a ƙarƙashin takalmin Darakta, labari na farko da muka ji shi ne dukkan masu saurare sun nuna farin cikinsu, babu ko mutum ɗaya da ya ɗaure fuska. Har an kafa kwamiti da zai kai irin wannan gyara sauran ma'aikatu.

Ranka ya daɗe Darakta, mun gode, mun kuma yaba. Roƙona ɗaya ne: ranar da za ku gyara asibiti, ku sanar da mu da wuri mu yi sauri mu warke.