Ranar da Na Gyara wa Mushe Lissafi

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na kai kaina kwalej da ƙafata, ba wanda ya aike ni.

Lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ni kuma sabuwar gama yaƙi da jahilci, ina jin ba karatun da zai gagare ni. A can an koya mana baƙaƙe daban, lissafi daban. Sai na leƙa kayen ɗana Ummaru, wato littafinsa na rubutu, na ga ya rubuta y = 2x + 3, yana ta gunaguni wai yana neman gangara. A tsakar gidanmu, inda ko tudun tururuwa babu!

Babansa dama ya rantse in yaron ya kasa karatu, gonarmu ta Matankari zai koma. Na ce bari in lallaɓa in ga mushensu, wato malaminsu, kafin maigida ya ji (har na fara tunanin ko iska ce ta shafe shi).

Na tarar sun fita shan iska, aji ba kowa. Ga irin rubutun nan ɓaro-ɓaro a tablo, baƙin allon nan na bango. Na ce wayyo, abin Ummaru har ya kai bango! Na sa bakin zane na share baƙaƙen, na ɗauki alli na rubuta 2 + 3 = 5, da kyau, ba karkata.

Ina kakkaɓe hannu suka shigo.

"Wa ya taɓa mani tablo?" in ji mushe.

"Ni ce, Mushe. Ku yi haƙuri da yaron, ni na gyara."

"Inna, ai ni na rubuta."

Ajin ya fashe. Ummaru ya sulale ƙarƙashin tebur. Da ƙasa ta tsage da na shige, amma bakina bai bar ni ba. Na ce, "To ina gangarar take?"

Mushe ya mayar da rubutunsa, ya nuna mini dutsen garinmu ta taga. "Lambar da ke manne da x ita ce gangara. Taki ɗaya gaba, ki hau biyu."

"Ukun fa? Ai ta girme ta."

"Nan ba a bin girma, Inna. Uku wurin da kika fara hawa ne kawai."

Ya ƙara da cewa Ummaru na cikin na gaba a aji, ba inda za shi.

Yaro dai ya tsira daga gona, ni ce ban tsira ba. Har ya gama kwalej, yaran Dogon Dutsi "Inna Biyar" suke kirana. Yanzu in na ga abin da ban gane ba, hannuna nake naɗewa cikin zane, baki kaɗai nake saki.