Waƙar da Sitti Ta Haddace

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na rera waƙa a kan kakata tana gargarar mutuwa. E, ni ɗin nan, da wannan muryar tawa mai kama da ƙofar da ta yi tsatsa.

Ina 'yar shekara sha biyar lokacin, muna zaune a wani tsohon gida a unguwar Harra ta Gabas, nan birnin Manzon Allah. Ɗakinmu ɗaya da kakata, wadda muke kira Sitti, saboda ɓarin jikinta ya shanye, maganarta ta ɗauke, ana bukatar mai juya ta da ba ta ruwa. Tun tana yarinya ta zo ƙasar nan da ƙafa cikin ayarin alhazai, kuma burinta bai wuce biyu ba: ta cika da kalmar shahada, a binne ta a maƙabartar Baƙi'a. Kafin ciwon, ko atishawa ta yi sai ta tuna mana.

Ni kuwa duniyata gaba ɗaya wani kaset ne na waƙoƙin Larabci da ƙawata ta kwafo mini. Daga farkonsa har ƙarshe mutum ne yake kuka masoyiyarsa ta tafi ta bar shi. (Ni da ko mai shagon layinmu bai taɓa duba na sau biyu ba, amma nake sharɓar hawaye kamar an sako ni.) Da na dawo daga makaranta zan kunna, fuska ɗaya ta ƙare in juya, ta ƙare in sake juyawa. Zaren ya tsinke, na liƙe shi da jan farce. Da Ummi, mahaifiyata, ta hana, sai na koma rage murya ina ajiye rikodar tsakanin gadona da na Sitti. A lissafina ai ba ta magana, wa za ta kai wa ƙara? Haka baiwar Allah ta kwanta wata da watanni tana shan kukan mutumin nan, ban taɓa tambayar kaina ko tana so ba.

Ranar da jikinta ya rikice, bayan la'asar mata suka cika ɗakin, babana yana tsaye a bakin ƙofa. Goggo Halima, yayarsa, ta ɗiga mata zamzam, ta sunkuya saitin kunnenta.

"Inna, guli La ilaha illallah. Ki ce, Inna."

Goggo ta maimaita, ta maimaita. Can sai leɓɓan Sitti suka motsa, kowa ya kasa kunne, har wata ta fara hamdala. Abin da ya fito kuwa amshin waƙar da na fi so ne a kaset ɗina, da karinsa da kalmominsa, babu ko tuntuɓe.

"A'uzu billahi!" Goggo ta ja da baya. "Esh hada? Mene ne haka? Wa ya koya mata wannan?"

Ummi juyowa kawai ta yi ta dube ni. Sauran matan suka bi idonta. Wallahi na so in mutu kafin Sitti.

Goggo ta ci gaba da laƙƙana mata, Sitti ta ci gaba da roƙon masoyiya ta dawo, numfashinta yana gajarta. Tsoro ya kore kunyar: matar da ta taka hamada don ta cika da kalma za ta tafi da waƙata a baki. A nan na lura magana ce ba ta iya bi, amma kari tana bin sa. Na durƙusa a gefenta, na ɗauki kalmar shahada na ɗora ta a kan karin waƙar, na rera.

"Ya bint, aib! Kin haukace ne?" in ji Goggo.

"Bar ta, Yaya," Ummi ta ce a hankali.

Majina tana zuba, na yi ta rerawa a gaban dattawan unguwa. Da farko Sitti tana komawa kan masoyiyar, ina janyo ta. Daga baya ta biyo ni, ta faɗi kalmar cikakkiya, kowa ya ji. Ba ta kai magariba ba. An binne ta a Baƙi'a.

A zaman makoki duk wadda na miƙa wa gahawa sai ta taɓa ta kusa da ita. Babana ya ce mini, "Allah ya yi miki albarka," amma bango yake kallo da ya faɗa, kuma har yau ban san wane ɓangaren ya fi nufi ba.

Abin da na koya shi ne, wanda ba ya magana yana ji, kuma yana ajiyewa. Ni dai tsorona ranar tawa gargarar. Sitti waƙa ɗaya ta riƙe, ni kuwa kaset ɗin gaba da baya yana kaina. Shi ya sa na riga na koya wa 'yata karin.