Tunau da Rumbun Bayanai

A ƙauyen Gidan Ɗorawa akwai gidan Inna Kande da 'ya'yanta maza biyu. Babban shi ne Tunau, ƙato mai gemu, manomi, wanda abin da kunnensa ya ji shi hannunsa yake aikatawa, ba ragi ba ƙari. Ƙaramin shi ne Rabilu, malamin firamare. Shi ya yi karatu a birni, don haka shi yake aiken wansa, Tunau kuma "Malam" yake ce masa kamar yadda kowa yake cewa. Rabilu bai taɓa hana shi ba.

Daga birni Rabilu ya zo da wani wasa. Ranar Juma'a bayan la'asar ake kewaye tebur a zaure, kowa da jaruminsa a rubuce a takarda: sunansa, ƙarfinsa, wayonsa, makamansa. Rabilu ne mai jan labari. Shi zai ce ga dodo a bakin rijiya, kowa ya faɗi abin da jaruminsa zai yi, a jefa ƙwayar lido ta raba gardama. Abokan wasansa su ne Nafi'u tela da Ɗan'azumi mai maganin dabbobi. A duk ƙauyen, wannan zaman ne kaɗai yake sa Rabilu ya ji bai dawo gida don ya ruɓe ba. Da takardun suka yi yawa suka fara yagewa, sai ya shiga neman manhajar waya wadda za ta adana su, ta kuma taimaka wajen ƙirƙirar sababbin jarumai. Neman ya hana shi sukuni.

Wata rana yana saurin tafiya aji, Tunau ya tambaye shi inda ake samun wannan abin da ya dame shi.

"A yanar gizo, Yaya," in ji Rabilu cikin ba'a. "In ka samu lokaci ka dubo mini mai kyau."

Tunau ya bar shuka. Ya bi akurki, ya bi kangon kakansu, ya zura hannu a kowane lungu yana kwasar yana. Da hantsi sai ga shi a ƙofar aji da ƙwarya cike, hannunsa na dama ya kumbura suntum saboda harbin kunama.

"Malam, na duba duka. Ba manhaja a ciki, sai matattun ƙudaje."

Yara suka fashe da dariya, hedimasta ya leƙo. Rabilu ya kora shi waje bai ko kalli hannun ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne sunan da yaran suka laƙaba masa tun daga ranar, wai ƙanin mai gizo.

Wata rana aka kira malamai bita a hedikwatar ƙaramar hukuma. Kafin ya tafi, Rabilu ya tara takardun jaruman duka, ya ɗaure su da roba, yana magana shi kaɗai: "Waɗannan dai rumbun bayanai za su shiga, kowa ya huta." Tunau yana tsakar gida yana wasa fartanya, ya ji. Motar da Rabilu ya hau ba ta gama fita daga gari ba ya hau tsani, ya zuba su cikin rumbun gero, ya rufe, ya shafe bakin da laka yadda ake yi wa hatsi. Da Rabilu ya dawo aka buɗe, ɓeraye sun yi sheƙa da su. Maharbin da Nafi'u ya yi shekara da shekaru yana renonsa, abin da ya rage na takardarsa bai kai faɗin farce ba. Nafi'u ya rantse maharbin yana da takobin azurfa, Ɗan'azumi ya ce ƙarya ne, tun bara takobin ya faɗa kogi. Babu abin da za a duba a raba su. Suka rabu ba sallama.

Rabilu ya juya kan wansa.

"Tunda kai ka kashe su, sai ka gina mana wani jarumin. Tun daga ƙafa har kai. Ka ba shi tsawo, ka ba shi ido, ka riƙa masa makami!"

"To, Malam."

Wata rana da asuba masu zuwa masallaci suka ci karo da mutum tsaye a ƙofar zauren Inna Kande, ya fi kowa tsawo, idanunsa fasasshiyar kwalba, lauje a hannu. Wani dattijo ya yar da buta ya ruga. Da gari ya waye aka ga na laka ne. Liman ya zo da kansa, jama'a a bayansa.

"Tunau, wa ya sa ka wannan aikin?"

"Malam ne, Allah ya gafarta malam. Da shi za su yi ranar Juma'a."

Kafin azahar magana ta gama gari cewa gunki ake bauta wa a zauren malamin makaranta. Rabilu ya ɗauki gatari ya farfasa shi a gaban mutane, yana rantsuwa yana gumi. Iyaye da dama suka hana 'ya'yansu zuwa ajinsa. Nafi'u da Ɗan'azumi suka daina ko bi ta layin. Tunau kuwa ya durƙusa yana tsince ɓaraguzan, ya ware kan daban, don a kansa ya fi ɓata lokaci.

Wata rana Rabilu ya yanke shawara. Manhajoji biyu suka rage masa. Ɗaya ƙarama ce, adana bayanai kawai take yi, ba ta buƙatar data. Ɗayar babba ce, ita take gina jarumi, ita take jefa ƙwaya, har tana da abin da ake kira ɗaki, inda kowa zai shigo ta wayarsa daga gida ba wanda ya gan shi. Babbar ya zaɓa, wadda ya taɓa tura wa abokan su gwada tun kafin rigimar. Da yake abokan sun daina ɗaga kiransa, dole ya aiki Tunau.

"Na buɗe mana ɗaki. Ka ce su shigo yanzu. Da sun shiga za a kulle, kada wani ya faɗo mana."

Bai jima ba sai ga Tunau riƙe da wuyan hannun kowannensu, Nafi'u da tef a wuya, Ɗan'azumi da sirinji a hannu. Ya tura su ɗakin Rabilu, shi ma Rabilun yana ciki, ya ja ƙofa, ya datse kwaɗo, ya jefa makulli a aljihu ya tafi gona.

Suka bubbuga ƙofa har suka gaji. Suka zagi Tunau, sannan suka koma zagin juna. Da zagin ya ƙare, Ɗan'azumi ya zauna bakin gado ya ce, "Malam, wannan abin naka duk Turanci ne. Kai kawai nake gyaɗa maka. Ban taɓa gane ko layi ɗaya ba."

"Ni tawa wayar zafi take yi ta mutu in na buɗe shi," in ji Nafi'u. "Kuma in zauna ni kaɗai a shago ina danna gilashi? Ai don ihun nake zuwa."

Duk tsawon neman nan Rabilu bai taɓa tambayar ɗayansu ba. Ya goge babbar, ya buɗe ƙaramar, ya ce kowa ya faɗi abin da ya tuna game da jaruminsa. Ya laluba aljihu ya fito da ƙwayar lido. Maƙwabta da hayaniya ta tara a bakin taga suka tsaya suna saurare, suka ji ashe tatsuniya ce ƙarti suke yi wa juna. Suka yi dariya suka watse, maganar gunki ta mutu a nan.

Dab da magariba Tunau ya dawo ya buɗe. Da mutane suka tambaya, Rabilu ya ce dabararsa ce, shi ya shirya a kulle su. Tunau bai musa ba. Ya bari sai da baƙi suka tafi, sannan ya matso yana murza hula.

"Malam, tunda an samu wurin ajiya, ko ni ma za a rubuta mini nawa? Manomi nake so. Ba sai an ba shi takobi ba."

Rabilu bai ɗago daga wayar ba. "Wata rana, Yaya."

Tunau ya yi godiya har ƙasa. Tun daga nan, duk Juma'a bayan la'asar yakan yi wanka, ya sa rigarsa ta salla, ya tsaya a ƙofar zaure ya ce, "Malam, yau ce?" Rabilu yakan ce ba yau ba, ya jefa ƙwaya.