Rijiyar Kaka Verda Ta Ƙafe

"Lafiya lau, ɓarawon ruwa. Ka dawo mini da abin da ka sata?"

Haka Kaka Verda ta tari jikanta Landon tun bai kashe mota ba. Tankin ruwa ya ɗauko mata, don tun bazara rijiyar gidanta yashi take tofarwa. Yammacin jihar Kansas ta Amurka kuwa ko'ina masara ce kore shar, injinan ban ruwa sai zagaye suke ba hutu, a girbe a kai masana'anta a tatsi man mota, wai don duniya ta rage zafi. Gonar Landon ma tana cikin masu zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasar. Yau ga shi uwarsa ta aiko shi da maganar da yake gudu: tsohuwa ta tattara ta koma gari kafin sanyi ya daskarar da tankin.

"Ke kika ƙarar da shi, tsohuwa. Tun zamanin dawaki kike wanka, har yau ba ki yi kyau ba."

"Ni da nake wanka da kofi? Motarka dai ta ci masara, ta sha ruwa, ta fi ni gata."

"Ita ai tana tafiya. Ke fa?"

Ta ce gonarsa ta fi jariri tsotso. Ya ce da za a tara hawayen da take zubarwa a coci, da an shayar da jihar nan kaf. Ta kai masa duka da tsumma, ya goce yana dariya. Dariyar dai iyakarta baki, don kunya ce fal cikinsa.

"To kashe injin naka mana, ja'iri."

"In na kashe, na maƙwabci ya zuƙe rabona. Kowa jira yake wani ya fara."

Sai ya isar da saƙon, idonsa a kan tiyo. Ya zaci za ta zage shi tas. Ina! Lambunta da ya ƙone ƙurmus ta tsaya kallo, sannan ta shiga ciki ta fito da wata kwalba. Irin kankana ne da kakarta ta ƙullo daga Rasha, ba a taɓa tsallake shukarsa ba sai bana.

"Ka ci wasan, ɗan nema," ta ce, tana wata 'yar dariya. "Ungo tukuicinka. Ka kai wa masu sauran ruwa su shuka."

Landon ya riƙe kwalbar da hannu biyu, ya laluba a ransa, ya rasa garin da zai ambata mata.