Rasuwar 'Yar Bungudu, Jitar da Aka Yanka Wajen Neman Tambari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ƙyama, ni Labbo makaɗi na Tudun Wada, Gusau, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar jitata ta lantarki, wadda aka fi sani da 'Yar Bungudu. Ta rasu ranar Talata da hantsi a kan teburin ƙungiyar kafintoci, tana da shekara goma sha ɗaya, saura kwana huɗu bikin ƙanwata Hussaina a Kucheri, inda na yi alkawarin da ita zan yi kiɗan.

An haifi marigayiya a Bungudu, a shagon da kafintoci biyu, Malam Garba da Kamilu, suke haɗin gwiwa a wancan lokaci. Ni na kai masu hoton wata jitar Turawa da na yago daga jikin kwali, na ce su sassaƙa mini irinta. Garba ya fitar da gangar jiki daga katakon maɗaci, da ƙahonninta biyu, Kamilu ya yi wuya da kai. Ta tashi mai haƙuri da kawaici. Ta sha rana a bayan babur daga Gusau zuwa Tsafe ba ta taɓa ƙorafi ba. In janareta ya yi tari, sai ta yi "zzzz" a hankali ta jira shi. In ranta ya yi fari kuwa, "tiririn-tin-tau" ɗinta kan sa tsohuwa ta ajiye sanda.

Ciwon ajalinta ya faro ne bayan kafintocin nan biyu sun raba gari. Kamilu ya koma Tsafe, kowannensu ya shiga ƙera jita mai siffa ɗaya yana buga tambarinsa, kowa na cewa ɗan uwansa ɓarawon zane ne. Kamilu har takardar lauya ya yanko. Da ƙungiya ta zauna sulhu a Gusau, aka ce a kawo jitar farko ta ba da shaida. Na kai ta da hannuna, ni wawa, har da goge mata jiki.

A wurin na ɗaga hannu zan faɗi inda siffar ta fito, tunda kwalin yana nan ƙarƙashin gadona. Shugaban zaman ya dube ni ya ce, "Malam, kai mai saye na, ba mai sana'a ba. Mai saye bai magana a wagga shimfiɗa." Na zauna kamar buhun gero.

Garba ya rantse ya ƙona tambarinsa a jikinta kafin a shafa fenti. Aka kankare fenti, ba a ga komai ba. Kamilu ya rantse nasa yana maƙale a gindin wuya. Aka ɓalle wuya, nan ma wayam. Sai wani dattijo ya ce ƙila tambarin yana tsakanin katakai biyun da aka manne aka yi gangar jikin, aka aika a ɗauko zarto. Sautin ƙarshe da na ji daga bakinta shi ne "taing", lokacin da tsirkiya ta huɗu ta tsinke.

Da aka gama ba a samu ko ɗigo ba, sai aka yanke hukunci cewa ba wanda ya ci, ba wanda ya faɗi. Garba da Kamilu suka yi musabaha, aka fasa goro, aka yi wa juna barka da arziki. Ni kuma aka miƙo mini gawa a buhun taki, ana ce mini in yi haƙuri, ai zumunci ya gyaru. Tir da wannan zumunci, tir da goron da aka ci a kansa.

Marigayiya ta bar sifika guda mai ciwon murya, da igiyar wuta, da tsirkiya biyar marayu, da jikoki sama da arba'in a Tsafe da Bungudu, duk kamarta sak, babu wanda ya gado muryarta.

Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gidana daga gobe bayan la'asar. Ana roƙon kafintoci su yi zamansu, gaisuwarsu ta iso. Za a ɗauki gawa ranar Asabar da safe zuwa Kucheri. Hussaina ta yi kuka ta ce ko a yaya take a kawo ta, don ita aka yi wa alkawari. Saboda haka da misalin ƙarfe tara za a sanya marigayiya a makwancinta, ƙarƙashin tukunyar shinkafar biki. Ni zan tsaya in iza wutar.